Kofunan Gilashi Masu Doguwar Ƙafa: Wanne Zan Saya wa Amarya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum matan gida. Shawara nake nema. Bikin Ilham saura sati biyar, ina ta haɗa kayan kicin. Jiya na shiga Sabon Gari, wani mai shago ya fito min da saitin kofunan gilashi masu doguwar ƙafa, irin na jerawa a shogilas, guda shida a kwali. Ya rantse kiristal ne na asali, N85,000. Shagon da ke jikinsa kuma na ga wasu, a idona dai babu bambanci, dozin guda N22,000. Na tsaya ina ta jujjuya su kamar mai zaɓen kankana, ban gane komai ba, na dawo gida hannu rabbana. Don Allah wadda ta san kan abin nan ta fahimtar da ni. Kuma in an saya, ya ake wanke su? Nawa na aure ko shekara ba su rufa ba suka ƙare.

Gwaggo Asabe: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Amma 'yar nan, kofi shida dubu tamanin da biyar? Zamzam suke fitarwa da kansu?

Amaryar Bana: Gwaggo kin kashe ni da dariya. Wallahi haka ake sayar da su yanzu, har ma fiye.

Hajiya Mai Kayan Fashi: Maman Ilham, Allah ya sa albarka. Shekarata goma sha huɗu ina ɗauko kayan fashi daga Dubai da Guangzhou, bari in faɗa miki abin da nake dubawa in na shiga shago. Kwali ba ya burge ni, don kwali takarda ce, kowa na iya buga abin da ya ga dama a kai. Ki sa a fito miki da kofin ki riƙe.

Ki fara shafa bakinsa da yatsa. Mai kyau bakinsa siriri ne, yankakke sumul. Na araha za ki ji leɓensa da kauri, kamar an naɗe bakin zani an ɗinke. Sai ki bi ƙafar da yatsa daga sama har ƙasa. In kika ji wani layi yana gogar hannunki, to wurin haɗuwar mazubin da inji ya zuba gilashin ne. Ba laifi ba ne, amma kofin da ke da wannan layin ba ya kai kuɗin da aka faɗa miki. Daga nan ki riƙe ƙafar ki ɗan ƙwanƙwasa cikinsa da farce. Kiristal zai yi ƙara mai zaƙi ta daɗe tana amo a kunnenki. Gilashin gama-gari "kwas" zai ce miki ya yi shiru. Ki ɗaga shi a haske ki dubi gindin, in kika ga launin kore-kore to gama-gari ne. Ƙarshe ki ajiye shi kan tebur ki ga ko yana rawa. Kofin da ke rawa a shago, a gida ma faɗuwa zai yi.

Maman Ilham: Hajiya ni fa ban ma san ana ƙwanƙwasawa ba. Tsoron taɓawa ma nake kada ya fashe a ce in biya.

Hajiya Mai Kayan Fashi: Ai da farce ne, ba da muciya ba. In mai shago ya hana ki, ki san akwai dalili.

Zee Jamus: Sannunku da gida. Anti Maman Ilham, bari in ɗora kan maganar Hajiya, don ni inda nake zaune a jihar Bafariya ta Jamus tafiyar awa biyu ce zuwa garin Zwiesel, garin da sana'arsu ke nan tun kaka da kakanni. Na je sau biyu, na ga yadda ake hura gilashi da baki.

Kalmar kiristal ɗin nan ita ke rikita mutane. Asalinsa gilashi ne da aka haɗa da dalma. Wani Bature George Ravenscroft ne ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1674. Dalmar ce ke sa shi nauyi da walƙiya da wannan amon da Hajiya ta faɗa, kuma ita ke sa shi laushin da za a iya sassaƙa masa zane. A Turai tun 1969 akwai doka: ba za ka kira kayanka kiristal na dalma ba sai dalmar ta kai kashi 24 cikin 100. Shi ya sa za ki ga 'yar takarda manne an rubuta 24% PbO, PbO ɗin alamar sinadarin dalmar ce. Amma yanzu manyan kamfanoni da yawa sun bar dalma. Kamfanoni irin su Schott Zwiesel suna amfani da wasu ma'adinai a madadinta, kofin ya fito da haske, ba nauyi, kuma ya fi jure wanki.

Maganar "na asali" kuwa, sai a tambayi mai shagon: asalin wa? Baccarat na Faransa tun 1764 suke, Waterford na Ailan tun 1783, Moser na Jamhuriyar Cek tun 1857. Kofin Baccarat guda ɗaya tak ya haura Yuro 100 nesa ba kusa ba. Ki lissafa da kanki ki ga ko shida za su zo a N85,000. Kuma irin waɗannan kamfanonin a jikin gindin kofin suke zana sunansu, ba ya kankaruwa, ba takarda suke mannawa kawai ba.

Hajiya Mai Kayan Fashi: Gaskiyar Zee. Ita takardar 24% ɗin ma na sha ganin ta a manne jikin gilashin da ko ƙwayar dalma babu. Abin da ya fi yawa a kasuwarmu na Sin ne, sai Paşabahçe na Turkiyya, sai Luminarc na Faransa, sai Ocean na Tailan. Waɗannan ukun ba kiristal ba ne yawancinsu, amma kaya ne masu mutunci, suna jure hannu. Ni su nake ba amaren da suka ce min za su yi amfani da abinsu ne ba kallo ba.

Ummu Sudais: Ku yi haƙuri zan katse ku. Ni abin da ke damuna daban ne. Kofunan nan fa kowa ya san don me aka ƙera su. Na shan giya ne. Mu da kanmu "wayin gilas" muke ce musu. Yanzu 'yar Musulmi a kai ta gidan miji a jera mata kofin giya a falo, baƙi su shigo su gani? Ba hadisi ne ya ce wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu ba? Tambulan bai ishe mu ba?

Amaryar Bana: Kai Anti, zoɓo fa za a sha a ciki.

Ummu Sudais: Da zoɓon ake farawa. Ba ki ga yadda ake yi a dina ba? A fasa kwalba kumfa na tashi, ango da amarya su ɗaga kofi su gwara, ana tafi. Daga ina muka koyo wannan?

Gwaggo Asabe: Wannan kam Ummu Sudais ba ki yi ƙarya ba. Na je wani biki na ga haka, na ce a raina yau ga ikon Allah.

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Ummu Sudais, Allah ya saka miki da kishin addini. Amma mu raba magana biyu, kofi daban, aikin da ake yi da shi daban.

A farkon Musulunci Manzon Allah (SAW) ya hana a jiƙa dabino ko zabibi a cikin wasu mazubai da aka saba haɗa giya a cikinsu, kamar ƙwarya da kututturen dabinon da aka fafe, saboda jiƙon yana saurin juyewa a ciki. Daga baya ya yi izini a sha a kowane mazubi, sai dai kada a sha abin da ke sa maye. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Ke nan hukuncin yana bin abin da aka zuba, ba siffar mazubin ba. Kuma a Suratul Insan an siffanta kofunan 'yan Aljanna da ƙarau, wato masu haske irin na gilashi. Ba Turawa ne suka fara sanin kyan kofin gilashi ba.

Inda nake tare da ke ɗari bisa ɗari shi ne kwaikwayon zaman mashaya. Malaman fiƙihu sun yi magana a kai: a shirya majalisi irin nasu, a riƙa gwara kofuna da ɗaga su sama ana kwaikwayonsu, ko da ruwa ne a ciki, ba su so ba. Wannan shi ya kamata mu yi wa yaranmu faɗa a kai. Amma uwar gida ta zuba wa baƙonta zoɓo mai sanyi a kofi mai ƙafa, ya yi bismilla ya sha da dama a zaune, ban ga inda aka saɓa ba. Allahu a'alam. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba kuma ta bari, ba dole.

Ummu Sudais: Na gode Malama. Ni dai a gidana ba zan ajiye ba, amma na ji bayanin.

Maman Ilham: Malama Allah ya ƙara ilimi. Gaskiya ni ma abin ya taɓa zo min a rai. Tun da an taɓo wurin, akwai na gwanjo da na gani a Kofar Wambai masu kyau ƙwarai, an ce daga Turai suke. Ba mamaki an sha giya da su. Su fa?

Malama Rabi: Sahabi Abu Sa'alaba ya yi irin wannan tambayar kan kwanukan Ahlul Kitabi, aka ce masa in akwai wasu a yi amfani da wasun, in babu a wanke a ci a ciki. Gilashi kuma ba ya tsotsar abu kamar tukunyar ƙasa ko akushi. Wanki mai kyau ya wadatar.

Zee Jamus: Anti, na gwanjon nan ma a cikinsu kika fi yiwuwar cin karo da kiristal na gaske. A nan tsofaffi in sun rasu, 'ya'yansu ba sa son kayan, sai a kwashe a kai kasuwar tsofaffin kaya a sayar a banza. Musamman na yankin Bohemiya da ke Jamhuriyar Cek, masu sassaƙa da nauyi. Sai dai da wuya ki samu shida iri ɗaya lafiyayyu.

Nas Hadiza Gusau: To nan ne zan sa baki. Tun ɗazu nake jin ana ta yabon dalma kamar wani abin arziki. Mu 'yan Zamfara in aka ce dalma gabanmu faɗuwa yake. A 2010 yara sama da 400 muka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma, lokacin da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Waɗanda suka rayu wasu har yau ƙwaƙwalwarsu ba ta dawo daidai ba. Dalma ba ta da wani ƙaramin adadi da za a ce lafiya lau ne ga yaro. Kuma abu mai tsami yana janyo ta daga jikin kofi. Me ya kai zoɓo da tsamiya da lemon tsami tsami? Amarya kuwa yau in an kai ta, baɗi war haka sai ki ji ana maganar ciki.

Amaryar Bana: Innalillahi. Ni fa akwai jog mai nauyi da ƙanwar babana ta ba ni, a ciki nake sa zoɓo a firji ya kwana biyu.

Zee Jamus: Anti Nas gaskiyarki, amma kada mu tsorata mutane fiye da kima. Abin da ya faru a Zamfara ƙurar dalma ce zalla yara suke shaƙa suna haɗiya kullum. Na kofi bai kama ƙafar wannan ba. Abin da ke sa ya yi yawa shi ne daɗewa. Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1991, aka ga abin sha da ya yi watanni a cikin tulun kiristal dalmarsa ta ninninka. Wanda aka zuba aka shanye cikin 'yan mintuna kuwa kaɗan ne ƙwarai. Don haka Amaryar Bana, wannan jog ɗin naki shi ne abin dubawa. In na dalma ne, ki daina kwanar da zoɓo a ciki. Ki ajiye a wani abu, in baƙi sun zo ki juye ki kai, in sun tashi ki wanke.

Nas Hadiza Gusau: Na yarda da wannan. Amma yara da masu ciki a raba su da shi gaba ɗaya. Kuma tun da akwai marar dalma a kasuwa, me zai sa uwa ta saya wa 'yarta mai dalma? Sannan ku lura da masu fenti kala-kala da zane a wajen baki, irin masu arahar nan. Fentin kansa wani lokaci akwai dalma a ciki, kuma shi leɓe ke taɓawa kai tsaye. In za a saya mai ado, adon ya tsaya can ƙasa nesa da baki.

Maman Ilham: To ni kam na fasa mai dalma. Ashe tsada ma zan saya in kawo wa kaina tunani.

Anti Bilki Abuja: Na shigo a makare, ina wurin aiki. Maman Ilham barka. Ni sana'ata abincin biki, kafin nan kuma na yi shekara shida a ɗakin cin abincin wani otal, inda in ka fasa kofi daga albashinka za a cire. Don haka wankin kofi ba a littafi na koya ba.

Kafin wanki, girman da za ki saya. Turawa kowace giya da kofinta: mai faɗin ciki kamar tulu, mai tsawo, ƙarami, da siririn nan na mai kumfa. Mu ba ruwanmu da wannan. Ki ɗauki matsakaici, wanda ke cin kamar mililita 350 zuwa 400, cikinsa da ɗan faɗi, bakinsa ya ɗan tsuke. Manyan nan masu kama da balan-balan kyau gare su a hoto, amma ba sa shiga kabet, soso ba ya kai ƙasansu sai an tura hannu, kuma su ne farkon fashewa. Siraran kuma sai dai lemon inabi mai gas, ba sa karɓar ƙanƙara.

Zee Jamus: Wannan rarrabe-rarraben ma ba tsohon abu ba ne. Kamfanin Riedel na Ostiriya ne ya yayata shi, Claus Riedel ya fito da jerin kofunansa a 1973. Ko a nan ana musu, wasu na cewa rabin abin dabarar ciniki ce. Abin da ba a musu a kai biyu ne: ƙafar tana hana zafin hannu ɗumama abin sha, bakin da ya tsuke kuma yana tara ƙamshi. Ku gwada zoɓon da ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba, ku zuba rabin kofi kada ku cika, ku kai hanci. Sannan ku zuba a kofin roba ku ji bambanci.

Gwaggo Asabe: Fura fa? A zuba ta a mai ƙafa?

Anti Bilki Abuja: Gwaggo a bar wa fura ƙwaryarta da ludayinta, kada a ci mutuncin kowa.

To wanki. Kofi mai ƙafa wuri biyu yake mutuwa: baki, da wuyan da ya haɗa ƙafa da ciki. Kusan duk wanda na ga ya karye, a wurin gogewa ne. Mace ta riƙe gindin da hannu ɗaya, ta cusa tsumma a ciki da ɗaya hannun, ta murɗa nan gabas nan yamma kamar mai matse wanki. Sai ki ji ƙas, ƙafa a hannun hagu, kofi a hannun dama. Kada a taɓa murɗa shi haka. Ki tallabi cikin a tafin hannunki, ƙafar ta ratsa tsakanin yatsunki, ki goge ciki da baki a hankali. In kin gama sai ki koma kan ƙafa da gindi daban.

A roba ake wanke su, ba a cikin sink na ƙarfe ba, in kuwa dole sai sink to a shimfiɗa tawul a ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya, ba a tara su a ruwa suna gwaruwa. Su ake fara wankewa kafin tukwane, tun ruwa bai ga mai ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya ko biyu, soso mai laushi nasu na kansu. Ban da soson ƙarfe, ban da toka, ban da omo. A cire zobe da awarwaro. A ɗauraye sosai, don sabulun da ya rage shi ke ɓata ɗanɗano, kuma in lemo mai gas ne yana kashe kumfar.

Mu a otal, in za mu sa su ƙyalli, sai mu kifa kofin kan tururin ruwan zafi ya yi gumi, sannan mu goge da ƙyallen auduga marar gashi. Tawul ɗin wanka ba ya yi, zare yake bari. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi ta fi shi sau goma.

Amaryar Bana: Anti Bilki nawa duk sun yi wani fari-fari kamar hazo, na wanke har na gaji.

Anti Bilki Abuja: Ruwan burtsatse kuke amfani da shi?

Amaryar Bana: Eh, kuma da ɗan zartsi.

Anti Bilki Abuja: Shi ne. Irin farin da ke taruwa a gindin butar shayi ne. Ki haɗa ruwan khal fari da ruwan ɗumi rabi da rabi, ki jiƙa su kamar minti ashirin, ki ɗauraye. In babu khal, lemon tsami ma yana yi. Daga yau kuma kada ki bar su su bushe da kansu, ki goge nan take, ko ɗauraya ta ƙarshe ki yi da ruwan leda. In kin jiƙa a khal hazon bai tafi ba, to fuskar gilashin ce ta ciwu, wannan ba ya gyaruwa. Yawanci injin wanke-wanke da sabulu mai ƙarfi ke jawo shi.

Wani abu kuma, gilashi ba ya son a ba shi mamaki. Kofin da ya fito daga firji kada ya ga ruwan zafi, wanda aka wanke da ruwan zafi kada a zuba masa mai sanyi nan take. Sannan ƙanƙarar nan tamu ta leda da ake fasawa da taɓarya, gefenta kamar wuƙa, kada a jefa ta cikin kofi ba komai. A fara zuba zoɓon, sannan a saka ƙanƙarar da cokali.

Gwaggo Asabe: Duk na ji. Amma in an gama a kife su. Mu haka muka taso, kwano a kife, ƙwarya a kife. Ka bar kofi baki buɗe ƙyanƙyaso ya kwana a ciki, ko tsaka ta bi ta kai?

Anti Bilki Abuja: Gwaggo a gafarce ni, nan kam zan saɓa miki. Bakin shi ne wuri mafi rauni, in aka kife nauyin duka a kansa yake, da an ja shi kan katako sai ya ɓantare. Kuma in da sauran danshi, sai ya kulle wari a ciki. A tsaye ake ajiye mai siririn baki, cikin kabet mai ƙofa, da 'yar tazara tsakaninsu.

Gwaggo Asabe: Ke a Abuja kike. Zo Kano da hunturu ki ga kabet ɗin da ƙura ba ta shiga.

Hajiya Mai Kayan Fashi: Ku duka kuna da gaskiya. Ni abin da nake ce wa masu sayen kayana: masu kaurin baki na yau da kullum a shimfiɗa ƙyalle a kife su, ba abin da zai same su. Masu tsada sirara a bar su a tsaye, ko ma a mayar da su kwalinsu mai ɗaki-ɗaki. Kuma maganar ƙurar Gwaggo, kada a goge kofi mai ƙura a bushe. Ƙurar hunturu yashi ce, karce gilashi take yi. A ɗauraye tukuna.

Anti Bilki Abuja: Na manta da turaren wuta. Kofin da ya yi wata uku a shogilas ɗin falon amarya, wallahi in kika zuba ruwa kika sha sai kin ji hawi da sandal a maƙogwaro. Haka kafur da ake jefawa a kabet. Don haka ko yana ƙyalli, a ɗauraye kafin a ba baƙo.

Gwaggo Asabe: Ni nawa ma ba su taɓa ganin baƙo ba. Na sayo su a Jidda shekarar da na sauke farali, guda goma sha biyu, masu bakin zinare. Na jera su sama da langa da fanteka, kullum sai dai in kalla in ji daɗi. Na hana 'ya'yana, na hana mai gidan kansa, Allah ya jiƙansa. Bara jikana ya shigo falo da ƙwallo. Takwas suka tafi lokaci ɗaya ko ruwa ba a taɓa sha da su ba. Huɗun da suka rage yanzu da su nake shan kunun aya ni kaɗai, ina harare-harare.

Maman Ilham: Wayyo Gwaggo. Allah ya jiƙan Baba. Ai ni ma da niyyar shogilas na fita, amma yanzu na canza.

Ummu Sudais: Gwaggo masu bakin zinaren nan ma akwai magana a kansu, ko Malama?

Malama Rabi: Hanin ci da sha a mazubin zinare da azurfa tabbatacce ne, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ya haɗa maza da mata. Wanda aka ɗan shafa wa ruwan zinare kuwa malamai sun yi saɓani a kansa. Da yawan na kasuwa ma fenti ne kawai mai launin zinare. Wadda ba ta saya ba tukuna ta ɗauki marar shi ta huta, ga kuma abin da Nas ta faɗa kan fenti.

Gwaggo Asabe: To ni yanzu in fasa sauran huɗun ke nan ko in kira jikan nawa ya ƙarasa?

Admin: Gwaggo don Allah ki bar mu haka, cikina ya ƙulle. 'Yan uwa masu turo tallan leshi a tsakiyar magana, na goge, ranar talla Asabar ce.

Hajiya Mai Kayan Fashi: Maman Ilham shawara ta ƙarshe daga ni. Kada ki sayi shida cif. Ki sayi kwali biyu iri ɗaya, a jera shida a ɓoye shida. Kuma ki zaɓi samfurin da ake kawowa kullum, wanda in ɗaya ya fashe baɗi za a samu ɗan uwansa. Ranar jere kada ki bari a sa su a motar katako tare da gado da kujeru. Ki ba mutum ɗaya mai hankali ta rungume kwalin a cinya, a tsaye ba a kwance ba, ita za ta fito da su, ita za ta jera. Kin san ranar jere hannu ya yi yawa. Wanda bakinsa ya ɓantare ko kaɗan ne a fitar da shi daga na sha, yana yanka leɓe, a sa masa fure ko auduga.

Maman Ilham: Matan gida na dawo da rahoto. Yau na koma tare da ƙanwata. Na ce a fito min da na dubu tamanin da biyar ɗin. Na shafa baki, kauri kamar bakin kwalba. Na bi ƙafa, ga layi ɓaro-ɓaro. Na ƙwanƙwasa, ya ce min kwas. Na juya gindi, ba suna ba alama. Mai shagon yana ta kallona, ya ce Hajiya ke ma sana'ar kike yi ne? Nan take ya sauko zuwa dubu arba'in, na ce a kai kasuwa. Can ciki na samu na Turkiyya marasa fenti, matsakaita kamar yadda Anti Bilki ta ce, na ɗauki kwali biyu. Sai dai a hanyar dawowa ɗan adaidaita ya faɗa rami wajen Fagge, da muka buɗe a gida ɗaya ƙafarsa ta rabu. Saura goma sha ɗaya.

Anti Bilki Abuja: A kwance kika ɗora kwalin ko?

Maman Ilham: A kwance, kuma ƙanwata ta ɗora buhun kayan miya a kai.

Hajiya Mai Kayan Fashi: Turo min hoton kwalin ta gefe inda lambar samfurin take. In ina da irinsa a sito zan aiko yaro da guda ɗaya, gudummawata ce ta biki.